Motar da Ta Ƙi Turuwa

Sha ɗaya saura muka fito daga filin jirgin sama da akwatuna, ni da yayata Mal-sun, wadda ta sauka daga Kanada don bikin 'yarta. Ƙarfe ɗaya za a fara, kuma zauren biki a Seoul ba ya jiran kowa. Minti arba'in ne naka, wata amaryar tana bakin ƙofa. Yaya ce za ta kunna kyandir ɗin buɗe taro, tunda ita ce uwar amarya.

Muka iso wurin ajiye motoci na filin jirgin, sai ga wata farar mota an gicciye ta a gaban tawa. Ban damu ba. Kowa ya san in wuri ya cika haka ake yi: ka bar motarka a firi, ba giya ba birki, ka ajiye lambar wayarka a gilashi, wanda ka tare ya tura ta gefe. Na naɗe hannun riga na tura. Ko gezau.

"Bong-su, mu hau tasi," in ji Yaya.

"Minti biyar, Yaya. In na bar ta a nan ta kwana, kuɗin da za su caje ni sai ya fi na jirginki."

Na kira lambar, a kashe. Na sake turawa har ƙuguna ya yi ƙara. Raina ya ɓaci, na nufi rumfar mai gadi, wani dattijo da ke shan shayinsa hankali kwance.

"Baba, an tare ni!"

"Ka tura mana."

"Na tura, ta ƙi. Ku kira masu jan mota."

"Doka ta hana tare hanya a nan," ya ce, "amma ta hana mu taɓa motar mutum ba da izininsa ba. Ga takarda, cike."

"To wace ce dokar a ciki?"

"Duka biyun, ɗana."

Na cike takardar ina huci. Na dawo na roƙi wasu samari biyu, muka haɗa kafaɗa, motar ta ɗan girgiza ta koma. Sau uku Yaya tana cewa tasi, sau uku ina cewa saura kaɗan. Taurin kaina ne, na sani. Lokacin da na haƙura na je duba layin tasi, ya kai har bayan gini, agogo kuma ya wuce sha biyu da rabi.

A jingine da motata muka kalli bikin a waya. Ƙanwar mijin Yaya ce ta kunna kyandir ɗin. Amarya sai waige take yi wajen ƙofa.

Ana cikin tafi wata mata, mai farar motar, ta iso da kofin kofi a hannu. "Ayya, ku yi haƙuri, cajina ne ya ƙare. Ba ku tura ba? A firi take ai." Ta sunkuya ta zare ɗan guntun katakon da ta tokare tayar baya da shi don kada motar ta gangara, ta sa hannu ɗaya, mota ta matsa.

Na kasa ɗaga ido. Da Yaya ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dai kashe wayar, ta miƙo mini.

"Sati biyu ina gwada kunna kyandir a kicin," ta ce, "don kada hannuna ya yi rawa a gabanta."