Kiwon Malam Aƙilu a Cikin Kwalba

Shekara talatin Malam Aƙilu yana noma a Ƙarfi, bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Masara ce, dawa ce, wake ne, tun a gona yake zaɓar na shuka, ya ɗaure, ya rataye inda hayaƙi zai riƙa bugunsa. A wurinsa duk wanda ke zuwa shago neman iri kowace damina ba manomi ba ne, ɗan ƙwadagon kamfani ne. Kuma ko a gaban wa zai faɗa, don bakinsa bai iya kara ba.

Sai ciwo ya zo ya karkata bakin. Hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya wata safiya, ya farfaɗo ɓarin hagu ba nasa ba. Gandu ya koma hannun ƙanensa Lawal. Kar a ɗauki alhakin Lawal, ba ƙwacewa ya yi ba, damina ce ta faɗi kuma dole wani ya shiga gaba. Masu dubiya suka yi wata guda suna cika zaure, daga nan ƙafa ta ɗauke. Da farko Lawal kan leƙo ya ce, "Yaya, mi za a sa a gonar fadama bana?" Kafin shekara ta zagayo ya koma, "Yaya, mun tafi." Wannan ya fi ciwon cin ran Aƙilu, kuma bai da wanda zai gaya wa.

Ɗiyarsa Bushra ce ta kawo masa aikin yi. Tana koyon sana'a a wani gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa a Funtuwa, ta zo hutu da ɗan ƙulli a leda, wani gari ja-ja kamar yashin rafi.

"Baba, ƙwai ne. Atimiya muke ce masu, 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne na ruwan gishiri. Mu ƙyanƙyashe su muke yi mu ba 'ya'yan kifi su cinye. Amma an ce in aka bar su suna girma, har su yi nasu ƙwan."

"An ce? Ku ba ku taɓa gani ba?"

"Wa ke da lokaci, Baba?"

Shi kuwa lokaci kamar ya yi kyauta da shi. Matarsa Maijidda ta samo masa ƙatuwar kwalbar alewa a wurin mai shago, aka ɗora a kan taga. Bushra ta gaya masa ma'aunin gishiri, ta koma, bayan 'yan watanni aure ya kai ta can kudu.

Karon farko ya zuba gishirin leda. Suka ƙyanƙyashe, ruwa ya cika da ɗige-ɗige masu tsalle, kwana uku suka kwanta. Na biyu ya tausaya masu ya zuba kamu, ruwan ya yi tsami, ɗaki ya ɗauki wari, Maijidda ta yi kwana biyu tana tsaki. Na uku rana ta dafa su. Kowane karo ƙullin na raguwa, shi kuma yana zaune yana lissafin inda ya kuskure, yadda ya saba yi a bakin kunya in shuka ta ƙi.

A hankali ya gano bakin zaren. Ruwan rijiya, amma sai ya kwana a buɗe. Gishirin buhu irin wanda ake ba shanu, murfin gora shida a kowace gorar ruwa, da ɗan mitsitsin kanwa da bai kai ƙwayar dawa ba. Abinci kuwa yis ne na masu burodi, abin da kan tsinken ashana ya ɗauko, bayan kwana biyu-biyu, wani lokaci garin zogale da Maijidda ta tankaɗe da ɗankwali. Ya kuma koyi barin gansakuka ta fito a jikin kwalbar, don ya lura suna kiwo a kanta. Iska ce ta fi ba shi wuya. Ya nemo siririyar robar ƙarin ruwa da ta rage daga jinyarsa, aka wanke, safe da yamma ya zura ta ya riƙa hurawa da karkataccen bakinsa, rabin iskar na zurarewa ta gefe, miyau na bin haɓarsa. Bai damu ba.

A karo na shida, da ragowar ƙwan ƙarshe, suka rayu. Sati uku suka kai tsawon ƙwayar shinkafa, ja-ja, suna iyo a rigingine, ƙafafunsu na kaɗawa ba hutu. Aƙilu kan wuni yana kallo. Har ya san wata ƙatuwa mai son gefen rana.

Mutanen gida kuwa sun sami abin dariya. In baƙo ya zo, Lawal kan ce, "Shiga ka gaida Yaya, ka ga garkensa. Shi nasa bisashen ba su son dusa." A yi dariya, shi ma Aƙilu ya murmusa da rabin fuska. A ransa yana cewa ku yi, ai ba ku taɓa raya abin da ba a gada ba.

Abin da yake jira ɗaya ne, iri. Ƙullin Bushra ya ƙare, kuma ko da bai ƙare ba, wancan asalinsa na gwangwani ne, daga wata ƙasa aka kawo. Shi so yake ya kwashi ƙwan da aka yi a ɗakinsa, a ruwan da ya haɗa da hannunsa mai rai, ya shanya, ya ƙulle, ya ajiye. Ranar da ya yi haka ya san har yanzu shi manomi ne. Bushra ta gaya masa a waya cewa sai ruwan ya ƙara gishiri suke sakin ƙwai mai tauri, wanda ke jure bushewa. Wannan bai ba shi mamaki ba, ko gero sai ruwa ya fara janyewa yake mai da hankali ga tsaba. Ya daina ƙara ruwa, ya bar kwalbar tana ƙafewa kaɗan-kaɗan.

Ana tsakiyar roron wake ya ga abin. Wani siririn layi ja-ja ya fara taruwa a jikin kwalbar, daidai bakin ruwa. Ya kira Maijidda ta duba masa, don bai yarda da idonsa ba.

"Kamar datti nike gani, Malam."

"Shi ne. Nan da kwana huɗu in ya yi kauri sai in kankare da gashin kaza."

A satin ne ranar komawarsa asibiti a Malumfashi ta zo, gashin ƙashi da awon jini, kwana uku. Ya so ya ɗaga, Maijidda ta ce ba ta san zancen ba. Da keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, ya kira Lawal gefe.

"Kwalbar nan, kar kowa ya taɓa ta. Kar a ba su komi, kar a ƙara ruwa."

"Haba Yaya, wa zai taɓa maka? Allah dai ya ba da lafiya."

Ranar Alhamis da la'asar suka dawo. Tun daga zaure Aƙilu ya ji warin, kuma babu manomin da zai ce bai san warin fiya-fiya, maganin ƙwari, ba. Ya ja ƙafa ya shiga tsakar gida. Ƙofar ɗakinsa na rufe da kwaɗo, an cusa tsummoki a ƙasanta. Tagar an shafe gefenta da laka. A gindin bango kuwa ga kwalbarsa a kife kan turmi, an wanke ta tas, rana na ratsa ta.

Lawal ya fito daga wajen awaki yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Sannunku da hanya. Ya jikin? Yaya, wake bana sai godiya, buhu ya rasa wurin zama. Sito ya cika da masara, na duba duk gidan nan ɗakinka kaɗai ke da siminti da ƙofa mai kyau. Muka jera, na yi masu feshi, na rufe."

"Kwalbar fa?"

"Wallahi ban taɓa ta ba, yadda ka ce. A tagarta na bar ta. Sai jiya da na buɗe in ƙara buhu biyu na iske duk sun kwanta a ƙasa." Ya ɗan yi dariya. "Ka san ina ta shakkar maganin, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Da na ga haka hankalina ya kwanta. Abin da ya kashe ƙwaro a cikin ruwa, ina ga na cikin wake?"

Aƙilu ya dafa bango. Harshensa da ma mai nauyi ne, yanzu ya ƙara.

"Ba ka ga wani layi ba... ja-ja... a bakin ruwan?"

"Dattin nan? Ai shi ya fi ba ni wuya. Sai da na sa toka da soso kafin ya fita. Na ce kar ka dawo ka iske ta da guba."

Ba mugunta a muryarsa, ko ɗigo. Da akwai, da Aƙilu ya sami abin kamawa, ya zage shi tas, ya huce. Amma mutum ya adana amfanin gona, ya wanke maka kwalba, me za ka ce masa a gaban mutanen gida? Wata takwas yana hura iska da bakin da ko shayi ba ya riƙewa, kuma duk gidan babu wanda ya ɗauki abin a bakin rai, balle ya tuna ya fitar da shi kafin feshi.

Maijidda ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ka yi haƙuri, Malam. Sai a yi wa Bushra waya ta sa a aiko da wani."

Bai ko dube ta ba. Ita ma, ashe, ba ta gane ba.

"Yaya, zo ka duba mani tagar nan," in ji Lawal. "Ko na liƙe daidai? Kai ka koya mani, ban so in ji kunya."

Aƙilu ya dogara sanda ya isa. Ya bi lakar da yatsun hannun dama, daga sama har ƙasa, kusurwa-kusurwa. Nema yake ya sami tsaga, ko 'yar kafa wadda iska ta bi, ya sami abin faɗa. Babu. An cuɗa lakar da ƙaiƙayi yadda ba za ta fashe ba, an danne ta da kyau. Ko shi da yake da hannu biyu iyakar abin da zai yi ke nan.

"Ta liƙu," ya ce.

Lawal ya ji daɗi ƙwarai. "Alhamdu lillahi. Na sa an kai maka katifa zaure, an share. Ba daɗewa za ka yi ba, da wake ya yi daraja wajen bazara za mu kwashe."

Ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Maijidda ta tsaya riƙe da jakar magunguna, tana jiran ta ga inda mijinta zai nufa. Aƙilu ya juya a hankali, ya ja ƙafar hagu, ya kama hanyar zaure.