Hayaniyar Ƙarfe Goma

Shekara goma sha tara ina aikin hana hayaniya. A filinmu akwai eriya casa'in da shida, jere kamar ƙasusuwan lema, suna sauraron siginar rediyo da ke zuwa daga taurari. Siginar kan iso a galabaice, ɗumin na'ura ma yana iya binne ta, shi ya sa muke sanyaya na'urorin karɓa har su fi ƙanƙara sanyi. Ni ke kula da su. Ni ne kuma na kafa dokar akwatin ƙarfe a bakin ƙofa: waya, agogon zamani, makullin mota mai rimot, duk ciki, don kowannensu yana fitar da hayaniyar rediyo da kunne ba ya ji, amma eriya tana ji. Darakta ma na taɓa mayar da shi. Tun ranar ake kirana Baba Shiru.

Bayan na dawo daga jinya, sai wani siririn layi ya ɓullo a allon kwamfuta, kullum ƙarfe goma na safe, yana lalata awon ranar. Na ɗauki na'urar farautar hayaniya na shiga fili. Na zargi butar lantarki. Na zargi janareta. Na ƙwace tocilan maigadi, har yau ba ma gaisawa sosai. Mako uku, duk inda na nufa na'urar tana kuka, ni kuwa ina dawowa ofis ina cika baki: "Na kusa kama shi."

Injiniya, shugabarmu, wadda a hannuna ta koyi riƙe sukudireba, ta kira ni.

"Baba Shiru, ƙarfe nawa kake zagaye?"

"Goma."

"Ranar Talata fa?"

"Ina asibiti."

"Ranar Talata sama ta yi tsit."

Ta karɓi na'urar ta ɗora a ƙirjina. Kai ka ce an taka wutsiyar kyanwa.

Ashe ɗan batirin da likita ya dasa mini don daidaita bugun zuciya yana aika rahoto ta iska. Na koma wurin likitan na roƙe shi ya rufe wa batirin baki.

"Malam, da bakin nan muke sanin kana nan," in ji shi.

Matata ta yi dariya har da hawaye. "Shekara sha tara kana cewa in rage murya. Ashe kai ne gidan rediyon."

Na ɗinka falmaran ta ragar tagulla don ta tare siginar batirin, na sa a ƙarƙashin riga. Layin ya rame, amma bai mutu ba.

Ba su kore ni ba, mutanen kirki ne. Sun ba ni kujera a bakin ƙofa, kilomita huɗu daga fili, kusa da akwatina. Famfon sanyaya na eriya ta arba'in da ɗaya yana tari in za a yi zafi. Na rubuta musu inda ake ɗan bugunsa.

Jiya Injiniya ta tsaya ajiye wayarta, ba ta kalle ni ba.

"Yaya sama?" na ce.

"Ba mu taɓa jin ta tas haka ba, Baba."

Na ce madalla. Na rufe akwatin.