Baƙon da ya zo neman Rilwanu

Kulu ba ta yarda da mai moto da ke tambayar ɗan mutum da sunansa ba, kuma ni ban ga laifinta ba. A Bande an sha ganin irinsu. Su zo da zaƙin baki su kwashe samari zuwa Aljeriya, daga nan sai jiran labari.

Ɗanta na fari, Rilwanu, tun da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, yake zarya Magariya neman aiki da dosiyen takardunsa a hammata, har takalminsa ya cinye. Babu biron ma'aikatar da bai leƙa ba. Ran nan yana gona tsinkar wake, wani mai farar riga ya tsai da moto, ya yi sallama a ƙofa.

"Inna, nan ne gidan su Rilwanu?"

Kulu ta dube shi sama da ƙasa. Takalmi wal-wal, ga waya biyu a hannu.

"Wa ya aiko ka?"

"Aiki ne. An ba mu sunansa, amma mu sai mun ji halin yaro a gidansu."

Aiki! Ai duk haka suke cewa. Ita kuwa ko sunan ɗan fari ba ta kamawa, balle ta yabe shi gaban baƙo.

"Wannan yaron?" ta ce, ta taɓe baki. "Barci ne sana'arsa. Ka aike shi da safe, sai la'asar. Ga ciwon ƙirji."

Wallahi ƙarya take, yaron kamar doki yake. Mutumin ya ce ko akwai wani mai bak a unguwar. Don ya bar mata ƙofa, ta nuna masa gidan Dauda maƙwabcinsu, wanda ɗansa ma ya ci bak. Ta koma ciki tana hamdala, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan Juma'a suna zaune tsakar gida, Rilwanu na shan fura, Kulu na ɓarar gyaɗa, sai ga Faruku ɗan Dauda da sabuwar riga, baki har kunne. Ya durƙusa gaban Kulu.

"Inna, godiya na zo. Furojen nan na haƙa rijiyoyi ya ɗauke ni aiki. Shef ɗinsu, mai farar rigar nan, ya ce asali Rilwanu suka zo nema, ke kika turo shi gidanmu. Allah Ya saka."

Rilwanu ya ajiye ludayin.

"Inna, ni suka zo nema?"

Kulu ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.