Maganin da Yaya ya zubar

Auta kafinta ne. Duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu, babu mai kiransa da wani suna a dangi sai Auta, har 'ya'yansa in suna son tsokana sai su ce Baba Auta. Ya fi ƙwarewa a rufin kwano. A kan wani bene da suke rufewa ne abokin aikinsa ya taka katakon da ba a kafe ba, ya faɗo a gaban idonsa. Auta ne ya riƙe masa kai har mota ta zo, amma ba ta tarar da mai rai ba.

Tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Ko tsani ya gani a jingine sai ƙirjinsa ya hau bugawa, tafin hannunsa ya jiƙe da zufa. Matarsa ce ta matsa masa suka je asibiti. Likitar da ta duba shi, wata doguwar mace mai magana a hankali, ta rubuta masa magani mai kwantar da hankali da sa barci.

Ta ce, "Ba maganin zama da shi ba ne, na ɗan lokaci ne. Kada ka ƙara a kan abin da na rubuta, kada ka ba kowa. Muddin kana sha, ban da tuƙi, ban da inji. Kuma in jiki ya saba da shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Ni zan riƙa rage maka kaɗan-kaɗan."

Maganin ya karɓe shi. Sai dai ciwon ya ja lokaci fiye da yadda aka so, har aka shafe watanni kafin likitar ta fara ragewa. Matar ce ke ajiye kwalbar a saman kabad inda yara ba sa kaiwa, ita ke ɓalla masa rabin ƙwaya da wuƙa bayan an ci abincin dare.

Tun da ya daina hawa rufi, sai ya koma shagon babban wansu, wanda kowa ke ce wa Yaya. Babban shago ne na kujeru da gadaje, da injin yankan katako a tsakiya, ƙurar katako har idon sawu. Yaya shi ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya wa Auta riƙon guduma, kuma bai taɓa bari an manta da hakan ba. Auta ya kama aikin haɗa kujeru da goge katako da sanfefa. In an ce ya yanko katako a inji sai ya kawo wani uzuri.

Wata rana da aiki ya yi yawa, Yaya ya gaji da uzurin.

"Wai kai injin nan cizo yake yi ne?"

"A'a Yaya, likita ce ta hana ni, saboda maganin da nake sha."

"Wane magani?"

Da yamma Yaya ya zo gidan ba tare da ya aiko ba. Matar Auta ta shimfiɗa masa darduma a falo, ta kawo ruwa, bai taɓa ba. Ya ce a kawo masa kwalbar. Ya juya ta a hannu, ya girgiza ta kusa da kunnensa.

"Wannan ai irin wadda 'yan iskan tasha ke sha ce. Ashe ɗan ƙwaya muke da shi a gida ban sani ba."

Matar ta ce, "Yaya, likita ce ta rubuta. Ana ma cikin rage masa, saura ƙiris. Ta ce in aka yanke gaba ɗaya akwai haɗari."

"Ke na tambaya? Duk mai shaye-shaye haka yake cewa, gobe zan rage. Ni na ga gawa ta fi a ƙirga, ban taɓa haɗiyar ƙwaya don in yi barci ba."

Ya tashi ya fita tsakar gida, ya zazzage kwalbar a kwata, ya ɗauki bokitin wanke-wanke ya kora da ruwa. Sannan ya juyo ga ƙaninsa.

"In na ji ka koma asibitin nan, ni da kai ne. Inna ba ta sani ba, kada ka sa ta sani."

Auta yana tsaye da kai a ƙasa, sai cewa yake, "To Yaya."

Bayan tafiyarsa matar ta ce su koma wurin likita gobe da sassafe. Auta ya ƙi. Kalmar ɗan ƙwaya ta zauna masa a wuya. Ya ce wataƙila ma Yaya na da gaskiya, zai daure, ai shi namiji ne.

Washegari ya tashi da ciwon kai. Kwana na gaba kofin shayi ya riƙa kaɗawa a hannunsa har ya zube masa a wando. Ƙarar cokali a kwano ma ba ya iya jurewa, ya daka wa ƙaramar 'yarsu tsawa don ta yi dariya, abin da bai taɓa yi ba. Matar ta ɗauki kwalbar da babu komai ta je kantin magani. Mai kantin ya duba rubutun jikin kwalbar ya girgiza kai.

"Irin wannan sai da sabuwar takardar likita. Amma kada ki zauna, ki kai shi asibiti."

Da safe ta roƙe shi ya kwanta a gida. Ya ce akwai gadajen da za a kai, Yaya zai ce ƙwaya ce ta kwantar da shi. Ya sa takalmi da ƙyar ya fita. Ita ma ta yafa mayafi ta nufi asibiti ita kaɗai. Layi ya yi tsawo, sai da rana ta take sannan ta samu shiga. Likitar ta ajiye biro tun kafin ta gama bayani.

"Yana ina yanzu?"

"Yana shago."

"Je ki ɗauko shi yanzun nan. Kada ki bi layi in kun zo, ki shigo kai tsaye."

A shago kuwa, Yaya ya dubi ƙaninsa ya ce, tunda an rabu da ƙwaya ai uzuri ya ƙare, ga katako can yana jira. Auta ya kunna injin. Ma'aikata sun ce ya yanka biyu ko uku lafiya. Daga nan sai suka ga ya sandare, idonsa ya kakkafe, jikinsa ya kama jijjiga, ya kife gaba a kan injin.

Lokacin da matar ta sauka daga mota a bakin shagon, an riga an tafi da shi. Wani ma'aikaci na watsa ƙurar katako a kan jinin da ke ƙasa. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Yatsu uku na hannun dama suka tafi, har da babban. Kafin yamma dangi sun cika barandar asibitin, mata a kan tabarma, maza a jingine da bango. Inna, mahaifiyarsu, na zaune a tsakiya tana share hawaye da gefen mayafi, Yaya na tsaye a kanta yana bayani.

"Ƙwaya ce, Inna. Na ɓoye miki ne don kada hankalinki ya tashi. Ta riga ta cinye masa ƙwaƙwalwa kafin in gano."

Likitar ta fito daga ɗakin da aka kwantar da Auta a daidai lokacin. Ta tambayi wanda ya zubar da maganin. Yaya ya ce shi ne, kuma da zai sake samu zai sake zubarwa.

Ta ce, "Malam, ba shan maganin ne ya kayar da shi ba. Yanke shi da aka yi farat ɗaya ne. Da an bar ni na gama ragewa, da yanzu yana da hannunsa."

Ta wuce, don ana jiranta a wani ɗakin. Yaya ya bi bayanta da kallo, ya yi ɗan murmushi.

"Kun ji ko? Mai kaya ai ba ya kushe kayansa."

Wasu suka yi dariya a hankali. Matar Auta ta buɗe baki, wata gwaggo ta dafa mata gwiwa ta ce ba yanzu ba, ana cikin jimami.

An mayar da Auta kan maganin a asibiti, aka rage masa sannu a hankali yadda aka tsara tun farko, har ya rabu da shi ba tare da ko ciwon kai ba. Guduma dai ba ta ƙara zama a hannunsa ba. Yaya ya ajiye masa kujera a ƙofar shago, yana nuna wa masu saye gadaje, yana amsa waya da hagu. A dangi labarin ya zauna a yadda Yaya ya faɗe shi. In wani yaro ya fara ƙiriniya sai a ce masa ya je ya ga hannun Auta.

Da ciwon ya warke, Inna ta aiko a kira su. Suka tarar da Yaya a ɗakinta, ya miƙe ƙafa yana danna waya. Inna ta ce ta tara su ne don ba ta ji an yi wa Yaya godiya ba, mutumin da ya raba ƙaninsa da masifa, ya kuma ba shi wurin zama bayan ya nakasa.

Auta ya ɓoye hannun a cikin riga ya ce, "Na gode Yaya."

Inna ta juyo ga matar. "Ke fa?"

Matar ta dubi mijinta, shi kuma yana kallon tabarma. Ta zame daga bakin gado ta durƙusa.

"An gode, Yaya. Allah ya saka."

"Ba komai," in ji Yaya, bai ɗago daga wayar ba. "Ki dai riƙa sa masa ido."