Sheƙar da ke Kan Bututun Hayaƙi

Lalla Itto na durƙushe tana matse tsumma a roba ta ji an rufe but ɗin mota a waje. Akwatinta ke nan ya shiga. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da goge ruwan da ya gangaro ta bangon murhu, baƙi ƙirin da kunkunniya.

Ɗanta Mimun ya shigo yana karkaɗe hannu. Tun da safe ya taso daga Maknas, inda yake aikin ofis, kuma ya zo da maganarsa a shirye, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce danshin ɗakin nan ne ke tayar mata da tari. Dusar ƙanƙara ta kusa sauka. Nauyin sheƙar shamuwar da ke kan bututun hayaƙi shi ya tsaga ginin har ruwa ke shiga. Don haka ko a sauke sheƙar yau a yi gyara, ko ta bi shi Maknas ta yi hunturu a can. Mimun yaron kirki ne, ba mai musu ba, sai dai in ya ɗauko magana ba ka da wurin sa taka.

"Ba a hannuna za a rushe gidan shamuwa ba," in ji ta.

"To Inna, sai ki sa takalmi."

Mu nan Azru ba a taɓa sheƙar shamuwa, ko tana ciki ko ta yi tafiyarta ta shekara. Balle wannan. Marigayi Haddu, mijinta, maƙeri ne, shi ya ƙera mata ƙarfe mai ƙafa huɗu ya kafa a kan bututun don hayaƙi ya riƙa wucewa ta ƙasa, yau shekara ashirin da wani abu. Maganar hunturu ɗaya kuwa, Lalla Itto ta san ƙarshenta. Maƙwabciyarta Rabha ma hunturu ɗaya ta tafi yi wurin ɗanta, ga ƙofarta can da kwaɗo shekara shida. Tsoro ya kama ta sosai, ta ɓoye shi a cikin matsar tsumma.

Ana haka Ma'allam Bassu magini ya iso da tsaninsa a kafaɗa. Mimun ne ya kira shi, kuma sauke sheƙa ya kira shi yi. Gajeren tsoho ne wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ranar da aka yi gobara a kasuwa. Ya zauna ya sha shayi kofi biyu, ya dangwali burodi da man zaitun, yana kallon tabon bangon. Mimun na ta duba agogo. Can ya ce a ba shi buta.

"Alwala za ka yi, Ma'allam? Azahar da saura," in ji Mimun.

"Rufin zan yi wa," in ji Bassu. "Kai kuma za ka ɗebo ruwan, tunda naka ƙafafun sababbi ne."

Ya yi musu bayani a taƙaice. Wanda ya hau ya kwara ruwa daga sama ya jiƙa komai, bai san komai ba. Daga ƙasa ake farawa, a zuba a wuri ɗaya, a jira, sannan a matsa sama kaɗan. Ya sa Lalla Itto ta goge bangon ya bushe, ta zauna gabansa da faranti da ludayi. In ta ga ruwa ta buga.

Haka aka yi. Buta ta farko ta tafi kan jan tayil ɗin da ke ƙasan bututun. Shiru. Ta biyu da ta uku suka tafi kan kwanon da ke haɗa bututu da rufi, inda aka fi samun yoyo. Shiru. Tana jin Mimun yana hawa yana sauka da takalmin ofis, yana haki yana cewa wannan ɓata lokaci ne, ga abu kowa na gani. Tana jin Bassu yana ce masa ya rage surutu, ruwan na zuba a hanya. Duk butar da ta wuce kusantar sheƙar take yi. Lalla Itto ta riƙe ludayin da hannu biyu tana salati, har ta raya a ranta ko da ta ga ruwan ta ƙi bugawa. Ta yi istigfari.

A buta ta shida wani siririn layi ya ɓullo daga saman bangon, yana sauka a hankali. Ta kalle shi har ya kai tsakiya. Sannan ta rufe ido ta buga farantin.

Ta fito tsakar gida tana jan ƙafa, ta ɗaga kai. Bassu na tsaye a kan rufi, daidai tsakiyar bututun, sheƙar na can sama da kansa, ko kusa bai kai ba. Hannunsa na kan ƙarfen da ke riƙe da farantin satalayit. Ya sa yatsa ya taɓa gindinsa, filasta ta ɓare ta faɗo, sai ga tsaga mai faɗin ɗan yatsa ta bi ƙusoshi huɗu. Ya ce wanda ya huda nan bai toshe ramukan ba. Ruwa ya shiga, sanyi ya daskarar da shi, ya buɗa ginin kaɗan, baɗi ya ƙara. Iska kuma kullum tana girgiza farantin kamar mai cire haƙori. Don kada a ce bai duba ba, ya hau har sama ya zura hannu ƙarƙashin sheƙar, ya fito da shi da busasshiyar ƙura.

"Wannan ai hula ce, Lalla. Da ba ita, da tuni ruwa ya cinye kan bututun. Allah ya jiƙan Haddu, ƙarfensa ko gezau." Ya juya. "Wane gwanin ne ya ɗaura wannan faranti?"

Mimun na kan tsani da buta a hannu, kunnuwansa sun yi ja. Shi ya ɗaura shi da kansa, wata biyu bayan rasuwar babansa, wai don kada kaɗaici ya dame ta. Ta tuna yadda ya wuni a rufin ranar, ya sauko da hannu duk ƙuje yana murna. Tausayinsa ya kama ta har ya danne farin cikinta.

"Wani yaro ne," in ji ta, "mai son uwarsa. Ka gyara kawai, Ma'allam."

Mimun da kansa ya kwance farantin. Ya cire rigar ofis ya kwaɓa farar ƙasa da yashi yadda Bassu ya nuna masa, ban da siminti, don siminti ba ya barin tsohon gini ya yi numfashi. Kafin la'asar an cike tsagar an shafe. Bassu ya ce ta bar shi kwana biyu kafin ta hura wuta babba.

Da zai tafi ta cika masa kwalba da man zaitun, ta ƙara da gyaɗar goro (a Azru haka muke ce wa abin da ke faɗowa daga bishiyar ƙofarta) cikin ƙyalle. Ta yi ta sa masa albarka. Ya ce ita ma ta yi aiki, ba kowa ke buga faranti tsakani da Allah ba. Ashe ya san abin da ta raya a ranta.

Mimun ya buɗe but ya ɗauko akwatin, ya kai ɗaki ya ajiye. Sai da ya sa takalmi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, talabijin ba za ta yi ba sai na dawo na kafa farantin a katanga. Wataƙila Juma'a."

Lalla Itto ta dubi talabijin ɗin. Shekara biyu ke nan tana lulluɓe da mayafi, da kwanon dabino a kanta.

"Juma'ar dai, kada ka wuce," in ji ta. "Ka san ba na iya zama babu ita."