Wa Ya Ɗauka?

A motar Bici Malama Jemima ta ji maganar. Wai manhajar da jikanta Nathan ya haɗa wa masana'antar man gyaɗa ta Alhaji Dabo ta kama ɓarauniya: Humaira mai riƙe da makullin sito, buhu talatin da takwas cikin wata ɗaya. Gobe za a karɓe makullin.

"Na'ura ai ba ta ƙarya," in ji direba.

Shekara talatin da biyu Malama ta yi tana koyar da lissafi, ta ga amsoshi da yawa masu kyan gani da aka gina kan tambaya marar kyau. Ta ce a sauke ta a kwanar masana'antar. Asibitin idon da za ta je ya jira.

Ta sami Nathan a ofis, ido jajir, yana ta kai da komo.

"Maigidana, an ce ka zama alƙali."

"Kaka, don Allah ba yau ba. Sau biyar na duba. Gyaɗa na shiga sito, ana rubutawa. In ta fita zuwa wajen matsa, Inna Humaira ta faɗa wa waya da baki, tunda ba ta karatun boko. Kayan sun ragu, amma babu shaidar fitarsu."

"Kullum?"

"Talata da Alhamis kawai."

"Ɓarauniya mai jadawali! Yau wace rana?"

"Alhamis."

Ta ja sandarta ta nufi sito. Humaira ta shimfiɗa mata buhu, suka gaisa, amma matar ba ta zauna ba. Ta gyara tsintsiya, ta taɓa makullin da ke ɗaure a bakin zanenta, ta sake gyara tsintsiyar.

Wani ɗan dako, Mati, shi ne ya fara zuwa da amalanke. Humaira ta ɗaga waya.

"Gyaɗa, buhu huɗu."

"Wa ya ɗauka?" in ji wayar.

"Mati."

Wayar ta yi ƙit. Malama ta yi tsaki, ta ci gaba da jira. Zafi ya taso, ƙamshin ƙuli ya cika wurin. Sau biyu ta miƙe za ta tafi.

Wajen azahar wani dogon mutum ya shigo da nasa amalanken. Bai dubi Humaira ba, ita ma ta kau da kai. Ya loda buhu biyar.

"Gyaɗa, buhu biyar."

"Wa ya ɗauka?"

Humaira ta dubi bango. "Shi ne."

"Wa ya ɗauka?"

"Wancan ɗin," ta ce ƙasa-ƙasa, ta tura wayar cikin zane.

Malama ta bi mutumin waje. "Kai, wa sunanka?"

"Sama'ilu, Baba. Talata da Alhamis nake zuwa."

"Me kake ga Humaira?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne babba a ɗakinta."

Ta koma ofis da saurin da gwiwarta ba ta yarda da shi ba. Alhaji Dabo na ciki.

"Nathan, in ba a faɗi suna ba, me abin naka ke yi?"

"Yana jira minti biyu, sai ya share."

"Ka taɓa jin na kira sunan ubanka?"

Nathan ya girgiza kai.

"Sama'ilu mai zuwa Talata da Alhamis ɗan farinta ne, kai kuma ka ce ta ambace shi da ƙarfi a gaban 'yan dako. Digiri biyu!"

"To me ya hana ta faɗa mana?" in ji Alhaji.

"Ta faɗa muku me? Ta zauna gabanka tana zancensa?"

Nathan ya riga ya jawo kwamfutarsa. "Hotuna zan sa. Ta danna fuska kawai."

"Tambaye ta tukuna ko za ta dubi fuskar. Alhaji, wa ke karɓa a wajen matsa?"

Aka kira mai injin, ya zo da allon da yake zana layi da alli duk buhun da ya zuba. Suka tsaya su huɗu suka bi layukan Talata da Alhamis.

Buhu talatin da takwas ne. Duk sun shiga injin.