Kunyar Imrana

Duk layin masu sayar da gishirin Awe a kasuwar Lafiya, babu wadda ba ta haddace labarin kunyar Imrana ba. Uwarsa Sailuba ce mai bayarwa, kuma bakinta ba ya gajiya. Wai tun bara ɗanta ya daina haɗa ido da kowa, har ita da ta haife shi. Yaran zamani ido a tsaitsaye, nata kuwa kai a ƙasa. To, wa zai ja da mai ɗa?

Da ya sake afka wa garken shanu da babur a hanyar Shabu, inda yake karatun noma, sai ta ce ai matsalar gani ce. Ta ja shi asibiti a yanka masa tabarau.

Likita Tersoo ya nuna haruffa, Imrana ya karance su tas, har ƙananan. Sai likitan ya ɗaga biro.

"Bi shi da ido, kar ka juya kai."

Biro na tafiya a hankali, ƙwayar idon ta tsaya, ta zabura ta kamo shi, ta wuce, ta koma bango. Sailuba ta matso ta duba. Rabon da ta ga cikin idon nan har ta manta.

"Mama, ganinsa lafiya lau," in ji likitan. "Wannan kaɗai ba ya nuna ciwo, amma bari in tambaye shi. Imrana, me ke ɗauke maka hankali?"

"Masu maganar ne. Sun ce in na kalli mutum zai karance abin da ke kaina."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Sailuba ta hau salati. Likitan na cewa su ga likitan ƙwaƙwalwa, wataƙila farkon taɓin hankali ne mai sa jin muryoyi, ana samun sauƙi sosai in an tare shi da wuri. Da wuri? Ita da ta yi ta yawo da ciwon ɗanta a kasuwa tana kiransa tarbiyya.

Ta kama haɓarsa.

"Ɗago ka dube ni. Na yafe maka kunyar."

Ya ɗago, wallahi ya yi ƙoƙari. Idon ya sauka a fuskarta, ya zame ya nufi bayanta.

"Inna, bari su gama magana tukuna."